Ban da Ɗorawa

Gwaggota tana da ɗorawa biyu, amma ba ta da ko taku ɗaya a ƙasar da suke tsaye a kai. Wanda ya tashi a karkararmu, can wajen Tsanyawa, ba zai ga abin mamaki a nan ba. Gonakinmu a manne suke da juna, ka fita daga ta wannan ka faɗa ta wancan, sai layin gamba ko na lalle da ke nuna iyaka. Gona kuwa in aka yi ta yanka ta tsakanin 'ya'ya da jikoki, sai ta koma faɗin tabarma. Shi ya sa da kakanmu ya rasu aka zauna rabon gado, Gwaggo ta ce ba ta son 'yar ƙasar da ko jaki ba zai iya juyawa a cikinta ba, a bar mata itatuwan. Malamai suka ƙiyasta, 'yan'uwanta maza suka yarda, aka shafa fatiha. Ƙasa ta zama ta Baffa, ƙanen mahaifina, ɗorawa ta zama ta Gwaggo. Har Baffa ya koma ga Allah yana noma geronsa zuwa gindin itatuwan, bai taɓa tsinkar ɗa ɗaya ba sai ta ce ya ɗiba.

Ita ta riƙe ni tun ina 'yar yaye. A gidanmu warin daddawa ya kama bango, ya kama zani, ya kama har littattafaina. Da na shiga jami'a, 'yan ɗakinmu kan toshe hanci in na buɗe jaka, amma ranar da suka ɗora miyar kuka sai ka ga an zo ana min murmushi. Duk bazara Gwaggo za ta sa a kaɗo mata 'ya'yan, ta sayar da garin, ta ba magina ɓawon su yi makubar shafe bango, kalwar kuma ta dafa, ta surfa, ta rufe a kwando har ta yi yadda take so, sannan ta kirɓa. Da wannan ta ci, da shi ta sha, da shi ta yi min takalmin makaranta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa, ba ta da gona. In ka cire ɗorawar nan, abin da ya rage mata ni ce, ni kuwa ba a kaɗa ni a samu kalwa.

Bayan na gama karatun kwamfuta na dawo gida, saboda gwiwarta ta fara ba ta wahala, kuma aikin da na samu bai ce sai na zauna a birni ba. Wani ƙaramin kamfani ne mai ofis a Rijiyar Zaki a Kano yake turo min aikin ta intanet. Sai in shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, inda sabis ya fi kamawa, in jona kwamfuta da ɗan farantin sola, kaji suna ta ratsa min ƙafa.

Aikin yana da wuyar faɗa, amma ga shi. Akwai rumbun bayanai, inda ake tara sunayen mutane da abin da suka mallaka a cikin kwamfuta. Akwai kuma abin da muke kira wakili. Ba mutum ba ne, manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira, amma za ka kira shi ta waya ka yi masa Hausa, ka ce a yi maka kaza, ya je rumbun ya aikata. Sai dai ba ya tsoma hannu a rumbun kai tsaye. An jera masa kayan aiki, wannan na dubawa, wannan na ƙarawa, wancan na gogewa, kowanne da ɗan bayanin da injiniya ya rubuta a kansa. Wakilin ba ya ganin cikin kayan aikin, bayanin kawai yake karantawa ya zaɓi wanda zai ɗauka. Ni aikina in karanta bayanin in ba shi maki. Ya faɗi abin da kayan yake yi? Ya faɗi lokacin da ya kamata a ɗauke shi? Ya faɗi abin da zai taɓa, da ko ana iya warwarewa in an yi kuskure?

Ranar da na yi ƙoƙarin fahimtar da Gwaggo, tana tsince tsakuwa daga kalwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wato ke ce mai duba rubutun jikin kwalbar magani."

Na ce, "Kusan haka ne, Gwaggo."

"To shi wannan wakilin ɗan wane gari ne?"

"Ba ɗan ko'ina ba ne."

Ta ce, "Baƙo ke nan. Allah ya haɗa shi da masu yi masa kwatance na gari."

Ina da zafin hannu wajen maki, ban taɓa ɓoyewa ba. Injiniyoyin nan samari ne masu kai, amma rubuta bayani ya fi musu ɗaukar taki wuya. Mutum zai gina abin da zai iya shafe sunayen gari guda, sannan ya rubuta a kansa wai yana gyara bayanai, ya tashi ya tafi shan shayi. Irin wannan ba na tausaya masa. Na ji labari a ofis in aikin wani ya faɗo hannuna, sai 'yan'uwansa su yi masa jaje tun kafin sakamako ya fito.

Bayan girbin gero aka turo min kayan aikin rumbun wata ƙungiyar manoma. Ina buɗe misalan da aka haɗo da su, sai na ga sunayen unguwanninmu. Nan na tuna da ma'aikatan da suka zo shekarar da ta gabata da na'urori a hannu, suka bi iyakar kowace gona suna aunawa, wai don rabon taki. Da suka iso gonar Baffa, Gwaggo ta ɗingisa ta same su, ta tsaya a kansu har suka shigar da ɗorawar daban da sunanta, sannan ta ƙulla musu daddawa a leda. Ashe rumbun nan namu ne, kuma Gwaggo tana ciki ita da itatuwanta.

A cikin kayan aikin akwai guda biyu na canza mai gona. Na farkon an rubuta masa bayani kamar na mai neman aure, tsaf, babu inda za ka kushe. Ya ce yana mayar da gona daga tsohon mai ita zuwa sabo, tare da duk abin da ke kanta, rijiya ko gini ko itace. Ya ce a ɗauke shi in an sayar ko an gada. Ya ce zai kira waɗanda abin ya shafa ya sanar da su, kuma in ya gama ba a warwarewa sai an je ofishin ƙungiyar da shaidu. Na biyun kuwa abin da aka rubuta masa bai cika layi ɗaya ba: canjin mai gona, nau'i na biyu. Shi ke nan. Na ja tsaki, na shiga rumbun gwaji na jarraba shi in ga me yake yi. Sai na ga yana canza mai ƙasa ne kawai, ya bar kowane itace a hannun mai shi. Wani injiniya a wani lokaci ya san yadda muke zaune, ya gina mana abin da ya dace da mu, sannan ƙyuya ta hana shi faɗa.

Na ba na farkon maki mai yawa, don ya cancanta, na ɗan rage masa saboda bai ce a tambaya ko itacen yana da wani mai shi ba. Na biyun na ba shi mafi ƙanƙantar makin da ake bayarwa, na cika gurbin sharhi da faɗa. Na ce wannan shi ne kayan aikin da ƙasarmu take bukata, kuma matuƙar an bar shi da wannan guntun bayani wakilin ba zai taɓa kallonsa ba, na farkon zai riƙa ɗauka. A tunanina makin nan bulala ce, za ta tashe su su gyara. Na tura, na rufe kwamfuta, na tafi taya Gwaggo wanke kalwa da farin ciki.

Da aka gama kaka gaba ɗaya, babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ya ce zai sayar da gonar. Ya gaji da noman da ba ya kai shi damina, yana son shiga harkar kai shanu kudu. Mai saye wani Alhaji ne daga Kano, dillalin dabbobi, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Aka zauna a zauren mai unguwa, aka aiko a kira Gwaggo, na rako ta na tsaya a bayanta a bakin ƙofa. Mai unguwa, tsoho ne da ya ga rabon gadon kakanmu da idonsa, ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ka ji da kyau. Gona ake sayar maka, ban da ɗorawa. Ɗorawa ta wannan baiwar Allah ce."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba ranka ya daɗe, me zan yi da ɗorawa? Ni ma ɗan ƙauye ne, na san wannan. Sai dai Hajiya ta riƙa tuna mu da daddawa."

Kowa ya yi dariya. Aka rubuta takardar ciniki, gabas gonar wane, yamma gonar wane, kudu burtali. Ba a ambaci itace ba, domin a wurinmu abin da aka sayar ake rubutawa, abin da ba a sayar ba me ya kai shi takarda? Na sunkuya na raɗa wa Gwaggo cewa ta sa a ƙara layi ɗaya. Ta mintsine ni a cinya har na ga taurari.

A hanya ta ce, "Ke ba ki da kunya? Mutum ya faɗa da bakinsa a gaban manya, sannan ki ce a rubuta? Ai kin kira shi ɓarawo ke nan."

Na ce, "Gwaggo, ba Alhaji nake tsoro ba."

Ta ce, "To wa kike tsoro?"

Na kama hannunta muka ƙarasa gida.

Ba da daɗewa ba aka turo min kayan aikin da aka miƙa wa wakilin na gaske, wanda manoma za su fara kira, in yi musu duban ƙarshe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farkon yana nan da kyakkyawan bayaninsa. Na biyun babu shi. Na koma sama na sake bi a hankali, ko idona ne, har yanzu babu. Washegari na shiga motar haya zuwa Kano, don irin wannan magana ba ta waya ba ce.

Ogan kamfanin namu matashi ne, ba mugu ba ne, ya sa aka kawo min lemo mai sanyi. Na tambaye shi ina kayan aikin nan ya shiga.

Ya ce, "Malama, ai doka ce. Duk wanda makinsa ya gaza, ana cire shi daga hannun wakili har sai an sake masa bayani. Ke da kanki kin sha faɗa cewa kayan aiki marar bayani a hannun wakili wuƙa ce a hannun jariri."

Gaskiya ne na faɗa, kuma har yau ina kan bakana. Dokar tana da kyau. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don da muguwar doka ce da na san da wa zan yi faɗa.

Na ce, "To a sake masa bayanin. Ni zan rubuta yanzu a nan."

Ya ce wanda ya gina shi ya bar aiki ya tafi ƙaro karatu waje, kuma ba a sa bayani a kan kayan aiki sai wani injiniya ya bi cikinsa ya tabbatar, injiniyoyin kuwa duk suna kan aikin rabon taki, ƙungiyar ta matsa musu.

Na ce, "To a cire na farkon ma, har su dawo tare."

Ya ce, "Da wace hujja? Ke kika ba shi maki mai kyau. Kuma manoma suna jira su gyara sunayen gonakinsu kafin taki ya zo."

Har na buɗe baki na ce a ba ni dama in ƙara wa na biyun maki. Ya dube ni kamar ya ga liman a gidan rawa. Ya ce ko na ƙara ba zai yi amfani ba, sauran masu dubawa ma sun kayar da shi. Na ba shi labarin Gwaggo daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce kakarsa ma tana da kuka a gonar wani. Ya rubuta a wayarsa, ya ce in sha Allahu da zarar an gama da taki shi ne abu na farko. Na fito na bar musu lemonsu ban sha ba.

A motar dawowa na zauna gefen taga. Tun da aka haife ni nake bin hanyar nan, amma ranar ce na fara kallon itatuwan da ke tsaye a gonakin mutane ina tambayar kaina na waye. Tsamiya, kuka, ɗinya, ɗorawa, kowace gona da nata. Da muka kusa gida na fara sanin amsar. Waccan tsamiyar ta wata tsohuwa ce mai ƙosai da mijinta ya bar mata. Waccan kukar ta wasu marayu ce. Yawancinsu na mata ne, waɗanda suka ba 'yan'uwansu maza ƙasa suka riƙe inuwa. Direba yana ta zuba labarin siyasa, ni kuwa ina ta ƙirga itatuwa.

Na wuce wurin mai unguwa kafin in shiga gida. Na yi masa bayani iya iyawata. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya yi murmushi ya ce, "'Yar nan, kwantar da hankalinki. Kwamfuta tana da gatari ne? Su rubuta abin da suke so. Muna nan da ranmu." Na kira Alhaji na roƙe shi kada a canza sunan gonar ta waya tukuna. Ya ce babu komai, manajansa ne ke kula da waɗannan abubuwa, zai gaya masa. Ya tambayi lafiyar Hajiya.

Ɗorawa ta yi fure, jajayen ƙwallaye suna reto a rassa, ƙudan zuma suna ta guna. Wata rana bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ƙaramar wayar Gwaggo ta yi ƙara. Ba ta iya sa waya a kunne, sai ta danna ta ɗora a tafin hannu kowa ya ji. Muryar mace ce, mai taushi, Kananci tsantsa. Ta yi sallama, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya. Gwaggo ta gyara zama tana amsawa, lafiya lau, madalla, ina mutan gidan. Sai muryar ta ce an kammala mayar da ɗorawa biyu da ke rajista da sunanta zuwa ga sabon mai gona, ta yi godiya, ta ce a huta lafiya. Waya ta mutu.

Gwaggo ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai ladabi. Me ta ce an yi wa ɗorawar?"

Na gaya mata. Manajan ya kira wakilin ya ce an sayi gona, wakilin ya duba kayan aikinsa, ya ga guda ɗaya tak da ya dace, ya karanta bayanin da babu ƙarya a cikinsa, ya aikata. Gwaggo ta riƙa juya wayar a hannunta.

Can ta ce, "Amma ai Alhaji ya ce ba ya so."

Na ce, "Wakilin bai ji abin da Alhaji ya ce ba, Gwaggo. Ba ya cikin zauren."

Muka je ofishin ƙungiyar ni da ita a bayan babur. Suka karɓe mu da mutunci, suka ce za a iya gyarawa, amma sai mai gona ya zo da kansa, ga kuma shaidu. Alhaji aka ce ya tafi kasuwannin arewa sayen shanu. Yaya yana kan tirela a hanyar kudu, duk lokacin da na same shi sai ya ce yana nan tafe. Liman, da aka yi cinikin a gabansa, ya ce shi fatiha kawai ya shafa, kunnensa ba ya ji sosai. Muna cikin wannan zirga-zirga mai unguwa ya faɗi a alwala, ɓarin jikinsa ya shanye. Na je duba shi. Ya gane ni, ya kama hannuna, bakinsa yana motsi, amma abin da ke fitowa ba magana ba ce.

Da Alhaji ya dawo na same shi a waya. Ya yi salati, ya ce wallahi bai sani ba, kuma gonar ma ta bar hannunsa. Wasu mutane ne daga nesa suke haɗa gonakin yankin wuri ɗaya za su noma riɗi da tarakta, sun yi masa tayin da ba zai iya ƙi ba. Na ce ya gaya musu ban da ɗorawa? Ya ce ai ya ɗauka kowa ya san wannan. Su kuwa ba su sani ba. Sun kira wakilin sun tambayi na waye itatuwan da ke gonakin da suka saya, ya ce nasu ne, da wannan suka nemi izinin sarewa aka ba su. Tarakta ba ta son itace a gabanta. Na kai ƙara, aka karɓa, aka ce za a zauna bayan salla.

Daga nan muka fara jin injin yankan itace. Da farko can nesa, ta gabas, kamar kukan ƙuda a kunne, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. In ya yi tsawo sai ka ji wani irin ƙara mai nauyi, ƙasa ta ɗan amsa, sannan shiru. Na lura in ya fara sai taɓaryar Gwaggo ta tsaya a turmi. Kullum yana ƙara matsowa. Tsamiyar mai ƙosai ta tafi, na ga tsohuwar a kasuwa ba ta kasa kaya ba, tana zaune kawai. Mutanen gari suka je suka yi magana, aka nuna musu takardar izini mai hatimi, suka dawo suna cewa Allah ya isa. Wata safiya wata maƙwabciya ta leƙo ta ce an shafa wa ɗorawar jan fenti.

Ni kuwa ban daina aiki ba, don da shi muke cin tuwo yanzu. Kullum ina bayan rumbu ina karanta bayanin kayan aikin asibitoci da shaguna da makarantu na garuruwan da ban taɓa zuwa ba, ina ba su maki. In na ga wanda aka rubuta tsaf babu aibi, sai in tsaya ina tunanin wace tsohuwa ce a can garin take da abin da kowa ya sani har ba a ga dalilin rubutawa ba. Babu gurbin wannan tambaya a aikina.

Ogan ya cika alkawari. Da aka gama da taki, wata hantsi, sabon bayanin na biyun ya shigo min. An ce a ɗauke shi duk inda itace ko rijiya ke da mai shi daban, kuma wakilin ya tambaya kafin ya taɓa komai. Kusan kalmomina ne aka kwafe. Na ba shi cikakken maki, don ya cancanta. Na shiga gida in gaya wa Gwaggo, na tarar da ɗakinta a buɗe, babu ita, babu kwandonta, babu doguwar gorar nan mai ƙugiya.

Na same ta a gonar. Mutum uku ne zaune a inuwar babbar ɗorawar, injin yana kwance a gabansu, ɗaya yana wasa haƙoransa, ga jarkar fetur a gefe. Gwaggo tana tsaye a kan gwiwar nan tata marar lafiya, ta ɗaga gora tana janyo rassa tana tsinkar 'ya'yan. Kore ne shar, ko kusa ba su nuna ba. Ɗanyen ɗan ɗorawa ba ya gari, ba ya kalwa, ko akuya sai ta ga dama. A garinmu abin kunya ne a ga babba yana tsinkarsa, yara ake kora a kansa.

Na ce, "Gwaggo, ba su nuna ba."

Ta ce, "Na sani. Riƙe min kwandon."

Na riƙe. Babban cikin mutanen ya taso ya rusuna ya gaishe ni, ya ce su ma aiko su aka yi, da sun san Inna ce mai shi da sun fara da wata gonar, amma yau wannan aka ba su. Na buɗe baki in zazzage masa duk abin da ke cikina, in gaya masa akwai ƙara a gaban hukuma, in gaya masa an gyara bayanin yau da safen nan. Na dubi fuskarsa na ga ko kalma ɗaya ba za ta shige shi ba, sai hawaye suka riga maganar fitowa. Ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu ya cire takalmi ya ce, "Inna, kawo in hau in kaɗo miki na sama." Ya hau, 'ya'yan suna ta zubowa a kanmu, muna tsinta, har kwando ya cika, Gwaggo ta kwance mayafinta ta shimfiɗa.

Rana ta yi tsaka. Mai wasa injin ya gama, ya buɗe jarka ya fara ɗura mai. Gwaggo ta juyo ta dube shi, gumi yana bin wuyanta.

Ta ce, "Ku ɗan ƙara haƙuri, 'ya'yana. Saura reshen can."

Ya ce, "Babu komai, Inna, ki gama a tsanake."

Suka koma inuwa suka zauna suna jiranta.